Cikon Fuskar Yaya

Litinin, 4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ni da Inna muna gaishe ki, Allah ya sa takardar nan ta same ki tsaye da ƙafafunki. Mu nan kalau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da na hana ta hawa kujera don share yanar gizo, hawan jininta ma ya sauka. Ni na auna ta da kaina, Mai Kemis ɗin da nake yi wa aiki ya duba ya ce daidai na karanta. Keken ɗinkinta da ya ƙi juyawa ashe bel ne ya saki, na gyara. Ni kuwa, in ban da bayana da kwalayen magani suka sa a gaba, ba abin da ke damuna.

To, gaisuwa ta ƙare, sai magana.

Wata goma sha ɗaya rabonki da gidan nan. Hutu biyu aka ba ki, Direba ya gaya min, don shi ke kai kayanmu kemis ɗin da ke jikin shagonku. Duka biyun kin ce aiki ya yi yawa. Wane irin aiki ne wannan, sayar da man shafawa da jan baki ne ko haƙar rijiya? Na san kin toshe lambata tun ranar da muka yi kaca-kaca a waya, kuma na yarda ni na fara ɗaga murya. Shi ya sa na koma takarda, ita ba a katse ta a tsakiyar magana. Amma Inna me ta yi miki? In ta kira ki ta bidiyo sai ki ce sabis ba kyau, ki mayar da ita murya zalla. Hoto uku kika turo mata tun bara, duka ukun da takunkumi da baƙin gilashi kamar mai shirin fasa banki. Jiya ta riƙe wayar tana ta buɗa hoton da yatsu biyu, wai ko za ta hango bakinki ta ƙasa. Ta ce in tambaye ki ko tari kike.

Ni ba tari nake zargi ba. Yaya, ko wani ne ya sa miki hannu? In haka ne kada ki wahalar da kanki da dogon bayani. Ki rubuto min sunansa da layin gidansu kawai, sauran aikina ne.

Direba zai juyo ranar Juma'a. Ki ba shi amsa a hannu. Kada ki ce masa "ka gaishe su", na gaji da gaisuwar baki.

Ƙaninki.

Alhamis, 7 ga Maris

Ashana,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gwiwar Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Ina lafiya, ba na tari. Ka karanta mata wannan: Inna, ina gaishe ki, ina kewarki ƙwarai, aiki ne ya riƙe ni, amma ina nan tafe da yardar Allah.

Shafi na biyun nan naka ne kai kaɗai. In ka karanta mata ko layi ɗaya, ban yafe ba.

Ba wanda ya doke ni, ajiye sandarka. Inna ba ta yi kuskure ba da ta laƙaba maka Ashana, ƙyastawa ɗaya ka kama da wuta. Ni na yi wa kaina.

Ka san ramin nan na ƙasan idonmu, na gado, wanda ke sa mutane su yi ta tambayarmu ko ba mu da lafiya. Madam mai shagonmu ta ce mai sayar da kayan kwalliya fuskarta ce tallar farko. Kullum ina tsaye bayan kanta, fitilu farare a sama, madubi gabas da yamma, duk inda na juya ramin na kallona. Akwai wata mata da ke zuwa ɗakin baya na shagon duk Laraba da 'yar jakarta, tana yi wa 'yan mata allurar ciko. Wani abu ne mai kauri, garau kamar ruwa, ana ɗura shi ƙarƙashin fata ya cike inda ya loɓa. Abokan aikina uku sun yi, ya karɓe su. Na yi a ƙasan ido. Ta ce tunda an fara a ɗan taɓa leɓe. Na ce to.

Sati biyun farko, wallahi na yi kyau. Ka bar ni in faɗi wannan kafin ka fara. Har kwastomomi na tambayata wane mai nake shafawa. Daga baya ƙasan idon hagu ya soma tashi, ya yi luhu-luhu da wani shuɗi-shuɗi kamar an naushe ni. Na leɓen kuma ya bar wurinsa ya haura, ya yi tudu tsakanin hanci da baki. Ba ya ciwo ko kaɗan. Amma in na duba madubi da safe sai in ga kamar wata ce ta aro idanuna. Matar ta ce in riƙa murzawa. Na murza wata uku. Yanzu ta daina zuwa, lambarta ma ba ta shiga.

Ka gaya min, ta yaya zan tsaya gaban Inna a haka? Ta haife ni da fuska lafiyayya, na kai ta ɗakin baya.

Amma akwai labari mai daɗi. Na je asibitin fata na gaske, likitar mace ce, mai haƙuri. Ta ce akwai allurar da ke narkar da cikon cikin kwana biyu. Da an yi, fuskata ta dawo, zan hau mota. Ka ba ni wata ɗaya, ka kuma riƙe bakinka.

Yayarka.

Lahadi, 10 ga Maris

Yaya,

Sallama. Muna lafiya. Inna ta karɓi ɗinkin rigunan makaranta goma sha biyu, gidan nan ba ka jin komai sai ƙarar keke. Na karanta mata gaisuwarki. Ta ce, "Shi ke nan? Takarda biyu na ga ka zaro." Na ce ta biyun zagina kika yi. Ta ce, "To wannan ci abinka."

Ɗakin baya! Ranar Laraba! 'Yar jaka! Ke da ko biskit ba kya ci sai kin juya ledar kin duba kwanan wata, ke ce kika miƙa fuskarki ga matar da ba ki san ko sunan kakanta ba? Ramin idonmu me ya tare miki? Da shi Baba ya yi rayuwarsa har ya koma ga Allah, da shi nake yawo, ban taɓa ganin wanda ya faɗa ciki ba. Ita kuma Madam ɗinki, in fuska ce talla ta ɗauki tata ta rataye a ƙofar shago mana. Takarda biyu na yage kafin wannan, ki gode Allah wannan ce mai sanyin.

Na huce. Yanzu ki saurara.

Mai Kemis yana da wani littafi a ƙarƙashin kanta, kaurinsa ya kai bulo. Na roƙe shi ya ara min ba tare da na faɗi dalili ba. Kwana biyu ina kansa lokacin cin abinci, ƙamus a gwiwa, ina zaune kan kwalin sirinji a sito. Ga abin da na gano, ki gyara min in likitarki ta faɗi daban.

Yawancin cikon nan da wani abu ake yinsa wai shi hayaluronik asid. Kada sunan ya tsorata ki, jikinki ma yana yin irinsa, shi ke riƙe ruwa a fata. Kamar dogayen zaruruwa ne da aka sarƙe su da juna suka zama raga, ragar ta sha ruwa ta kumbura. Shi ya sa idonki ya yi luhu-luhu, fatar wurin siririya ce, abin kuma mayen ruwa ne. Allurar da likita ke nufi sunanta hayaluronides, sai da na rubuta shi sau biyar kafin hannuna ya saba. Aikinta ɗaya tak: yanka zaren. Kin san yadda Inna ke farke ɗinki da reza in ta sa hannun riga a karkace? Ba ta yaga yadin, zaren kawai take bi tana tsinkawa, sai rigar ta saki. To haka. Ragar na tsinkewa gutsi-gutsi, ruwan ya watse, jiki ya kwashe tarkacen ya fitar. Rezar ba ta bambance zaren matar Laraba da naki na haihuwa, tana iya taɓa naki kaɗan, amma littafin ya ce jiki na mayar da nasa cikin 'yan kwanaki. Galibi daga jikin rago ko sa ake samo ta, daga wani wuri da ba zan rubuta ba don Inna na zaune kusa da ni.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Rezar nan zare iri ɗaya take ci. In matar nan wani abin daban ta ɗura miki, ko kwalba goma aka yi miki ba abin da zai motsa. Ki nemo sunan abin da ke cikin fuskarki. Kwali, leda, 'yar takardar da ake mannawa, ko me. Kada ki zauna a kujerar likita kina cewa "wani abu garau kamar ruwa". Ruwan batir ma garau yake.

Mai Kemis ya ga shafin da nake karantawa, ya ce duk wanda nake yi wa wannan binciken in gaya masa ni ɗan dako ne, ba likita ba. Na gaya miki.

Ƙaninki.

Alhamis, 21 ga Maris

Ashana,

Gaisuwa gare ka da Inna. Lafiyata ƙalau. Satin da ya wuce da gangan na bar Direba ya koma hannu rabbana, don sai da na kwana uku ina jin zafin "ɗakin baya" da alamar motsin rai har guda uku. Na san na yi wauta, ba sai an buga min ganga ba.

Amma bayanin rezarka ya fi na likita shiga kaina, kada kanka ya kumbura. Na bi shawararka. Ashe ɗaya daga cikin 'yan shagonmu ta ɗauki hoton kwalin ranar da aka yi mana, don ta yi wa ƙawayenta burga. Na kai wa likita, ta duba ta ce irin wanda ke narkewa ne. Na kusa rungume ta.

An sa min rana: Laraba, 27 ga wata, ƙarfe goma na safe. Ta ce wurin zai ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu sannan ya sauka. Na riga na nemi hutu daga Asabar, 6 ga Afrilu. Ka gaya wa Inna ina zuwa, wannan karon da gaske. Ka kuma kwashe kwalayenka da tsofaffin jaridunka daga kan gadona.

Yayarka.

Litinin, 25 ga Maris

Yaya,

Muna lafiya, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Ban san ko takardar nan za ta iso ki kafin Laraba ba. Motar Direba na gareji, giya ta lalace, bakanike ya ce gobe, kuma kin san goben bakanike. Ina rubutawa ne don in ban rubuta ba zan fasa wani abu.

Jiya da la'asar ina tsakar gida da littafin, Inna na ɗinki. Na kai shafin waɗanda ya kamata a yi hattara da su. Kin san halina, in ina karatu bakina ba ya shiru, ina fassara wa kaina a fili. Na ce, "Wanda ƙudan zuma ya taɓa harbi har jikinsa ya rikice." Sai keke ya tsaya cak. Inna ta ce, "Me ya kawo zancen zuma?" Na ce karatu ne kawai. Sai ta ce, "Da zuma ta so, da ba ka da yaya."

Yaya, kina shekara uku, ba a haife ni ba, a tsohon gidanmu. Kina wasa a bakin famfo, ƙudan zuma guda ɗaya tal ya harbe ki a wuya. Kafin Inna ta ɗauraye hannu fuskarki ta haye, idanu sun rufe, numfashinki na fita da ƙara kamar usur. Baba ya saɓe ki a kafaɗa ya yi asibiti da gudu ba takalmi. Allura aka yi miki a cinya kika dawo. Inna ta ce ba ta taɓa ba ki labarin ba don ko tunawa ba ta son yi. Kin tuna yadda take fizge ki in kin je gindin mangwaro lokacin fure, muna cewa tsoro ne irin nata? To dalilin ke nan.

Littafin ya ce dafin zuma na ɗauke da ɗan'uwan wannan rezar. Jikin da ya taɓa yin faɗa da ɗaya yana iya ɗaukar ɗayan a matsayin tsohon abokin gaba. Ba kowa ba, ba kullum ba, amma dole likita ta sani kafin ta taɓa ki. Kuma in ta tambaye ki za ki ce a'a da zuciya ɗaya, don ba ki sani ba.

Na ɗauki wayar Inna na fita waje na kira ki. Na ce, "Ke Yaya, kada ki kuskura," kika kashe. Na tura saƙo, kika amso, "Kai ne ubana?" Na sake tura biyu da cikakken bayani, har yanzu alamar ba ta nuna kin buɗe ba. Ki zage ni yadda kike so, amma ki buɗe. Don Allah ki buɗe.

Ƙaninki.

Juma'a, 29 ga Maris

Ashana,

Ina lafiya, ka ji? Lafiya lau, kamar yadda na turo a wayar Inna ranar Laraba. Takardarka ta Litinin sai yau Direba ya kawo ta, hannunsa duk baƙin mai. Ina rubuta wannan a tsaye yana jirana.

Da farko bari in yi nawa faɗan. Mutum zai ceci ran yayarsa sai ya rubuta, "Kada ki yi allurar nan. Na hana." Ka hana! Ina tsaye gaban kwastoma na karanta. Na ɗauka tsohon halinka ne ya motsa, ka karanta shafi biyu ka zama babban likita. Da ka fara da zuma ai da an gama tun Lahadi. Na ga saƙo biyu sun biyo baya, na ce zagi ne, na bar su. Ranar Talata ka kira ni sau tara da wayar Inna, ina kallo tana haske a cikin durowa.

Laraba na je tun tara da rabi. Ɗakin jira ne mai kujerun roba shuɗaye da tulun ruwan sanyi a kusurwa. Nas ta zo da takarda tana tambaya tana sa alama. Ciwon suga? A'a. Juna biyu? Na harare ta. Magani ya taɓa rikita ki? A'a. Ƙudan zuma ko rina sun taɓa harbinki kin kumbura? Na yi dariya na ce ni da zuma sai a kwalba. Ta sa alama ta wuce.

Saura mutum ɗaya a gabana sai tsoron allura ya kama ni. Na ce bari in buɗe saƙon yaron nan, in raina ya ɓaci zan manta da tsoro. Ka ji dalilin da ya sa na buɗe. Ba hankali ba ne, neman faɗa ne.

Na karanta sau biyu. Aka kira ni, na shiga na miƙa wa likita wayar. Ta riga ta sa safar hannu, kwalbar na kan faranti. Ta karanta, ta cire safar, ta ce, "Wa ya rubuto wannan?" Na ce ƙanina, ɗan dako ne a kemis. Ta ce, "Ki riƙe shi da kyau." Wannan ma kada kanka ya kumbura.

Ta kai ni ɗaya ɓangaren, inda suke da iskar numfashi da magungunan gaggawa. Ta sa ɗigo ɗaya ƙarƙashin fatar hannuna, ta sa ruwan gishiri a gefe don kwatance, ta zagaye kowanne da biro. Ta ce minti ashirin. Ko goma ba a yi ba wurin ya yi ja, ya tashi, ya tsallake zanen biron, ga ƙaiƙayi kamar in cire fatar. Na ruwan gishirin ko gezau. Suka ba ni magani, suka riƙe ni awa biyu suna auna ni.

Ta ce ba za ta yi min ba. Da a ce cikon ya toshe jijiyar jini ne, da magana ta bambanta, amma ba za ta sa numfashina a caca saboda tudun leɓe ba. Ta rubuta ni wurin likitan da ya ƙware a irin wannan rikicewar jiki, ko akwai wani nau'in da zai karɓe ni, sai dai layinsa wata huɗu ne. In ba haka ba sai haƙuri. Ta ce jikina ma yana da tasa rezar, yana nan yana tsinkar zaren a hankali, amma na ƙasan ido kan kai shekara, wani lokaci ya fi.

Don haka ba zan zo ba. Na gode maka, da gaske nake, amma fuskar na nan yadda take. Ka ce wa Inna an soke hutun.

Yayarka.

Lahadi, 31 ga Maris

Yaya,

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Muna lafiya, yanzu ne ma muke lafiya. Game da "na hana", kin fi ni gaskiya. Na karanta shi daga baya ni ma na ji kamar in mari wanda ya rubuta.

Ba zan ce wa Inna an soke hutu ba, don ba zai yiwu ba. Kiran nan tara na ranar Talata ba ni ba ne. Inna ce.

Da na ga Talata ta yi ba ki buɗe saƙo ba, mota kuma na kan jak, na zaunar da ita na gaya mata komai. Ɗakin baya, ido, leɓe, duka. Kin ce ba ki yafe ba in na faɗa. Na auna rashin yafiyarki da numfashinki, na zaɓa. Ki riƙe ni da shi har tsufa, na ɗauka.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce miƙo wayar. Tana kira tana ajiyewa, tana kira tana ajiyewa, rigar makaranta ɗaya a cinyarta har magariba ba ta sa mata maɓalli ba. Da saƙonki ya shigo Laraba na ce ta kira ki yanzu. Ta ce a'a, in kika ji muryarta kunya za ta sa ki ƙara wata shekarar. Yau da na karanta mata takardarki, duka wannan karon, ta ce ɗauko biro. Ga maganarta, ban ƙara ba ban rage ba, tana tsaye a kaina:

"Ke. Ranar da zuma ta harbe ki, fuskarki ta yi kamar ƙwallo. Ban ga ido ba, ban ga hanci ba, bakin nan ya juye. A haka na riƙe ki kwana biyu a asibiti, ban ce a canza min wata ba. Wace fuska ce kuma za ki nuna min yanzu da ban taɓa gani ba? Abin da kika yi wauta ce, za mu yi maganarsa sau ɗaya mu rufe. Hutun da aka ba ki nawa ne, ba na madubi ba. Ki taho ranar Asabar da fuskar da kike da ita."

Ta ce in ƙara da cewa ki zo mata da allurar keke lamba goma sha shida, na nan duk karyewa suke.

Ni kuma ga nawa. Zan zo tasha. Ba zan yi dariya ba, ba zan ce "ai na faɗa" ba, ba zan ambaci Laraba ba ko da ranar Laraba ce. Na kwashe kwalayen.

Ƙaninki.

Litinin, 15 ga Afrilu

Ashana,

Na iso lafiya, motar ba ta tsaya ko'ina ba sai shan mai. Ina fatan bayanka ya saki, ka daina ɗaukar kwali uku a tashi ɗaya don a ce kai ƙarfi. Ka gaida Mai Kemis, ka mayar masa da littafinsa kafin ka haddace shi ka fara duba marasa lafiya a sito.

Kwana takwas ɗin nan sun yi min daɗi fiye da yadda zan iya rubutawa. Ka cika alkawari, ba ka yi dariya ba, ko da yake a tasha na ga kana cizon leɓe kana kallon tayar mota kamar yau ka fara ganin taya. Yau na koma aiki ba takunkumi. Madam ta dube ni ta buɗe baki, na dube ta, ta rufe. Wata sabuwar ma'aikaciya ta tambaye ni a ɓoye wai ina ake yin cikon nan, na ja ta gaban fitila na ce ta kalle ni da kyau, sannan na ba ta lambar asibiti.

Sau uku ka tambaye ni abin da Inna ta ce ranar da na iso, lokacin da ta aike ka sayen zare don ka ba mu wuri. Na ƙi faɗa maka don na san bakinka. Ga shi a takarda.

Da ka fita ta sakaya ƙofa. Ta ce cire. Na cire gilashin, na cire takunkumin, na tsaya ina kallon siminti. Duk hanya na shirya jawabin ban haƙuri, ko kalma ɗaya ban tuna ba. Ta kama haɓata ta juya ni wajen taga, ta juya dama, ta juya hagu, kamar mai duba yadi kafin ta yanka. Ta sa babban yatsa ta danna tudun leɓen a hankali. Ta ce, "Da ciwo?" Na ce a'a. Ta danna ƙasan idon. "Nan fa?" Na ce a'a. Ta daɗe tana kallona, ni kuma ina jiran faɗan da ta ce za mu yi sau ɗaya.

Sai ta saki haɓar ta ce, "Kin rame."

Ashana, an ɗura min abu a fuska har ya yi tudu biyu, na ɓuya shekara guda saboda kumburi, uwata ta duba ta duba ta ce na rame. Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ita kuwa ta riga ta wuce kicin tana faɗan wa ya bar tukunya a buɗe.

Ka gaishe ta. Ka ce mata ina ci.

Yayarka.